In Tsohonku Magini Ne Kuma Ya Rasu: Yadda Za Ku Tattara Tarihinshi Kafin Ya Ɓace

Duk garin da ka shiga a Adar, daga Buza har Illela, gida sunan mai shi yake ɗauka. Gidan Alhaji wane, shagon wane, masallacin unguwar kaza. Wanda ya kwaɓa ƙasar, ya ja igiya, ya hau bango da rana tsaka shekara talatin ko arba'in, shi ba ya cikin zancen, ran da ya rasu a ce Allah ya jiƙan shi mutumin kirki ne, a shafa fatiha a watse, bayan ƴan shekaru jikokinshi ba su iya nuna maka ɗaki guda su ce wannan hannun kakanmu ne. Ma'aikacin gwamnati ko ba komi shina da dosiye, malami shina da almajirai da littattafai, shi kuwa mason takardunshi bango ne, bangon ma mafi yawa na ƙasa, damina na ci kowace shekara.

To wannan bayani na masu irin wannan tsoho ne, uba ko kawu ko kaka, wanda ya ci da ku da cokalin gini. Ba kuɗi aikin ke so ba, ƙafa da kunne yake so, sai kuma a yi shi da wuri.

Tun a zaman makoki

Ban ce ka ɗauko waya ranar jana'iza kana yi ma mutane tambaya ba, a'a, wannan rashin kunya ne. Amma akwai abu ɗaya da in ya kuɓuce maka cikin kwanakin nan da wuya ka sake samu, shi ne mutanen da kansu. Makokin magini ne kaɗai ke tara duk wanda ya taɓa aiki da shi wuri guda, tsoffin yaranshi da sunka zama masu kansu, leburori, mai amalanken da ke kawo mishi yashi, masu gidajen da ya gina, wasu daga ƙauyen da ba ka taɓa jin sunanshi ba. Ka sa yaro ɗaya mai natsuwa shi zauna gefe da kaye da bik, duk wanda ya ce "ai mun yi aiki tare da marigayi" shi bi shi a hankali shi rubuta suna da gari da lambar waya. Shi ke nan, kar a ƙara komi a ranar.

Cikin makonnin nan kuma wani shi tahi meri a yi takardar mutuwa. Akwai wa'adi, in ya wuce sai an bi ta jistis, ga ɓata lokaci ga kashe kuɗi. Mutanenmu na raina ta wai ai ba ma'aikaci ba ne, alhali in ya taɓa yi ma wani kamfani aiki anka yi mishi rajista a CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata, ko akwai fili da sunanshi, duk inda kunka je ita za a fara tambaya.

Bashi tukuna

Wasu za su ce mi ya haɗa bashi da tarihi, ni kuwa nan nike cewa a fara. Cikin Suratun Nisa'i biyan bashi da wasiyya na gaban rabon gado, kuma hadisi ya zo cewa ran mumini na rataye da bashinshi har sai an biya. Magini kuwa da wuya shi mutu ba bashi, ba wai don ha'inci ba, haka sana'ar take. Ya amshi abans na aikin da bai ƙare ba. Lebura na bin shi kuɗin ƴan kwanaki. Mai kankayeri ya ba shi ƙusa da waya a kan sai mai gida ya biya. Mai amalanke ya zuba yashi sau kaza, ga ƴan garuwa, ga mai tuwon da ke kai ma shantiye abinci. Duk ba a rubuce ba, a ka yake riƙe da su.

Sanarwar da ake yi wurin salla, cewa duk mai bin shi bashi shi ga iyalinshi, ba ta isa. Leburan da ke bin jika biyu ba zai taɓa zuwa gaban marayu shi buɗe baki ba, kunya ba ta bari, zai ce na yafe a bakinshi alhali gidanshi ba hatsi. Ku ne za ku bi su. Ka samu babban yaronshi, wanda ke riƙe mishi igiya da nibo na auna daidaiton bango, ku zauna ku bi ayyukan shekarar ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi aiki, wa anka sallama, wa ya saura. In akwai ginin da anka amshi kuɗinshi ba a gama ba, mafi sauƙi yaranshi su ƙarasa, ku biya su daga abin da ya bari, mai gida shi samu ɗakinshi ba tare da an kai ga mai gari ba.

Sai wanda shi yake bi. A nan za ka ga halin mutane, wani zai kawo da ƙafarshi har da ban haƙuri, wani kuwa shi zauna cikin ɗakin da tsohonka ya rufa mishi shi ce bai san zancen ba. Ka bi da lalama da shaidu. Amma in akwai ƙananan yara cikin magada ba ka da ikon yafe rabonsu don jin nauyi, wannan ka tambayi malami kafin ka ce ka bar ma kowa. Kuma ka lura, lissafin bashin nan da kunka yi shi ne ya zama jerin ayyukanshi na ƙarshe, kar ka yar da takardar.

Zagayen gari

Nan ne ainihin aikin. Ran da hankali ya ɗan kwanta ka goya mafi tsufa cikin abokan aikinshi a moto ku zaga. Kar ka zaunar da shi a tabarma ka ce "Kawu ba ni labarin Baba", ba abin da za ka samu sai wallahi mutum ne mai haƙuri, mai riƙon amana, abin da ake faɗa ma kowace gawa. Tsaida shi gaban bango ka ga yadda baki ke buɗewa. Wannan zauren da rani munka yi shi, ƙasar daga tabkin can anka ɗebo ta da jakkai, kwana kaza tana ruɓa da ciyawa kafin a taɓa ta, a kusurwar nan ya faɗo daga tsani ya tashi ya kakkaɓe ya koma, mai gidan nan ya so a rage tushe ubanka ya tattara kayanshi ya tahi. Irin wannan kake biɗa.

Ka yi sallama, ka faɗi ko kai ɗan wa ne da abin da ya kawo ka. "Baba, ni ɗan marigayi wane ne magini, an ce shi ya yi muku zauren nan, ina son hoto don ƙannena." Da wuya a hana ka, sau da yawa ma mai gidan zai sa a shimfiɗa tabarma shi ƙara maka nashi labarin. Kar dai ka kutsa cikin gidan mutane da waya a sama, in ginin na ciki ne ka ba ƙanwarka ko matarka ta shiga ta ɗauko.

Kuma kar ka tsaya ga gaban gida mai fenti, fenti ba aikinshi ba ne. Hannun magini a kusurwa ake gane shi, da bakin ƙofa, da yadda ya zaunar da indararo don ruwa kar shi ci bango, da zanko in akwai. In zaure ne ko masallaci shiga ka ɗaga kai ka ɗauki rufin daga ciki, jerin azara, bakan gizo, tulluwa, nan ne gwani ke bambanta da mai ɗora bulo kawai. Kar ka raina rumbu, manyan rumbunan ƙasa na ƙasarmu ba kowa ke iya tada su ba, mutum na iya gina gida goma shi kasa rumbu ɗaya da zai riƙe hatsi shekaru bai tsage ba. Ka duƙa ka duba bakin rijiya, dokin ƙofa, matakalar masallaci, barandar lakkol, don magina da yawa na sa ƙusa su rubuta shekara a kan siman tun yana ɗanye, wani har da harafin sunanshi. Hoto da safe ko bayan la'asar ya fi, da rana tsaka bango fari fat yake hitowa ba ka ganin komi, ranar hazo ma haka. Kowane gini ka ɗauka ka danna rikoda ka faɗi gidan wa ne, wace unguwa, wa ya nuna maka, in ba haka ba wata biyu duk sun zame maka bangon ƙasa iri ɗaya.

A yi wannan kafin ruwa ya sauka. Kowa ya ga abin da damunar 2020 da ta 2024 sunka yi ma gidajen ƙasa a Nijar, a 2024 har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, wanda duk ƙasa ta san shi, to ina ga ɗakin wani a ƙauye. Wanda ruwa ya bari kuwa masu shi ke rushewa da hannunsu, da yaro ya aiko kuɗi daga Abijan sai a kada na ƙasa a tada na siman da tol, ba laifi suka yi ba amma aikin tsohonka ya tahi ke nan.

Mu ƴan jihar Tawa muna da misali a ƙofarmu. Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a na Yaama a 1962, da ƙasa, mutanen gari na kawo ruwa da tubali, daga baya ya sake mishi rufi ya tada hasumiyoyi, a 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine. Tsohon masallacin Dandaji ma hannunshi ne, shi ne wanda anka gyara anka maida ɗakin karatu a 2018. Gwani ne ba shakka, amma abin da ya sa yau ɗalibai a wata ƙasa ke karanta sunanshi, wasu ne sunka zo sunka auna, sunka ɗauki hoto, sunka rubuta. Magina nawa ne a Keita da Madawa da Ƙonni da ba wanda ya zo musu? Tsohonka ba bature da zai zo mishi, kai ne.

Yadda za ka gano shekaru

Tsofaffi ba su riƙe lamba, kartinshi ma cewa ya yi an haife shi wajajen shekara kaza. In ka ce wace shekara za a ce da daɗewa. Ka tambaya da sarauta da yunwa. Kunce ya kifar da Diori a Afrilu 1974, ya rasu Nuwamba 1987, to duk abin da anka ce lokacin samariya ne, aikin gayyar azuzuwa da sauransu, ka san inda za ka aje shi. Gudron Tawa zuwa Arlit ƙarshen shekarun 1970 ne. Yunwar El-Buhari 1984, a shekarar ne kuma furojen Keita ya fara, inda mutane da yawa, mata ma, sunka yi aikin jera duwatsu da madatsun ruwa. Konferans nasiyonal 1991. Karyewar sefa Janairu 1994, wannan kam ba maginin da ya manta ta, siman da tol da ƙarfe duk sun yi tsalle, gine-gine sunka tsaya rabi. Mulkin Bare Mainasara 1996 zuwa 1999. Azuzuwa da ƙananan likitocin ƙauye na program spesiyal ɗin Tanja farkon shekarun 2000, ƙananan magina da yawa sun ci abinci a nan. Tawa Sakola, gine-ginen bikin 18 ga Disamba a Tawa, 2017. Cikin gida kuma ka auna da haihuwa da aure, in inna ta ce tana goyon wane lokacin da ya rufa masallacin, ka duba takardar haihuwar wanen.

Inda ba ka tabbata ba ka rubuta wajajen, kar ka ƙirƙiro shekara don takarda ta yi kyau.

Abin da za ka tambaya

Wa ya koya mishi, wannan ta fi kowace. Gado ne, gidansu gidan magina ne, ko lebura ya fara har wani maigida ya miƙa mishi cokali? Ɗakin da ya fara yi shi kaɗai yana ina? Da tubalin hannu ya fara ko da birkin mul, yaushe ya koma siman, na Malbaza yake so ko wanda ke shigowa daga Najeriya, don magina na da ra'ayi mai zafi kan wannan. Nawa ne kuɗin yini lokacin da ya fara, nawa lokacin da ya bari. Wane aiki ya ƙi amsa. Mi ke ɓata mishi rai a shantiye. Yana biyan yaranshi kafin shi ɗauki nashi ko sai an yi ta bin shi? Bangonshi ya taɓa faɗuwa, ya ya yi? Kar ka ji tsoron wannan tambayar, magini da ya shekara talatin bai taɓa ɓata aiki ba babu shi, yadda ya gyara shi ne labarin.

Inna kuwa nata daban ne. Tana takaba wata huɗu da kwana goma, tana gida, baƙi sun ragu, kaɗaici ya fara, to zaman da za ka yi da ita ma kanshi lada ne. Kar ka zo mata da jerin tambaya, ka zauna bayan isha'i ka ɗan jefa magana, "Inna, wai da wane lokaci yake hita?" Ita ta san abin da yaranshi ba su sani ba, tsagewar hannu da siman ke yi da irin man da yake shafawa, ciwon bayan da yake ɓoyewa, watannin da ba aiki anka ci bashi, yadda yake aje cokali da damina shi ɗauki hauya shi koma gona, yadda yake aiki da azumi a bakinshi cikin zafin Afrilu. In ta yi kuka ka kashe rikoda, gobe ma rana ce. In mata biyu ne ko uku ka zauna da kowace, kar ka rubuta tarihin uba daga bakin ɗaki ɗaya, rigima ce kake shukawa.

Sai shekarun biɗa. Da wuya ka samu namiji a Adar da bai taɓa tahiya ba, Abijan, Legas, Libiya, Tamanrasat, wasu can sunka koyo aikin dal da ɗaurin ƙarfe sunka dawo da shi gida. Wannan ɓangaren a gida ba a san shi sosai ba, sai wanda sunka kwana ɗaki ɗaya can. Ka neme shi.

Waya ba ma'aji ba ce

Lokacin ɗaukar murya ka rufe layi don kira kar shi katse, ka aje wayar kusa da bakin mai magana, cikin ɗaki ko zaure inda ba iska, da farko ka faɗi ranar da sunan wanda ke magana. Ka nemi izini, tsoho in ya gane daga baya an naɗe shi a ɓoye ba ya sake yarda da kai. Bayan nan ka sake ma kowane fayil suna. Kar ka dogara da gurup ɗin dangi na WhatsApp, yana rage kyan hoto in ba a matsayin dokima ka tura ba, kuma ran da waya ta faɗa ruwa ko anka sace shi ke nan. Ka kwafa a kart memwar biyu, ɗaya wurinka ɗaya wurin wani a wani gari, mai intanet shi ɗora a Google Drive. Hotuna goma ko ashirin mafi kyau ka kai a wanke su a takarda, ka rubuta bayani a bayansu, ka sa a leda cikin akwatin ƙarfe tare da kartinshi da tsoffin takardun lanho da duk wani kaye da yake lissafi a ciki, ko da ajami ne ko zane-zanen layuka. A ɗora akwatin bisa wani abu saboda gara.

Kayan aikinshi

Cokali, nibo, igiya, mul, pel, burwet, katakai, duk dukiyar gado ce, ba naka ba ne kai kaɗai don kai ne babba, a tara magada a yi magana. Shawarata in kun yarda, ku riƙe abu ɗaya, tsohon cokalin da bakinshi ya cinye, wanda maƙamarshi ta ɗauki siffar hannunshi, sauran a ba ko a saida ma yaranshi masu aiki. Kayan gini in sun zauna a ɗaki tsatsa kawai suke yi, daga baya yara su ɗauka su kai ma mai sayen ƙarfe. In cikin ƴaƴanshi akwai mai sana'ar to magana ta ƙare, a yi musu kuɗi a sa cikin rabonshi.

Rubutawa

Kar ka ce sai ka yi littafi, masu jiran littafi ba su rubuta komi. Shafi biyu ko uku ya isa, da Hausa, yadda in an karanta a tsakar gida inna za ta gane. Asalinshi, wanda ya koya mishi, garuruwan da ya yi aiki, jerin gine-gine da wajajen shekarunsu, sunayen waɗanda ya koya ma, sai labari uku ko huɗu daga bakin mutane, ka bar su yadda anka faɗe su kar ka gyara musu Hausa. Yabo irin na maroƙa ka rage. "Bai taɓa barin lebura shi kwana bai amshi kuɗinshi ba" ta fi "gwarzo namijin duniya" sau dubu, in dai gaskiya ce. Kuma kar ka ƙara mishi aikin da ba nashi ba, in lebura ya yi a babban masallaci ka ce lebura ya yi, akwai tsofaffin da sunka san wanda ya ja igiyar, ƙarya ɗaya sai ta sa a ƙi yarda da sauran.

Aibinshi fa? Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, ba kuma wanda ya ce ka tona asirin ubanka. Amma zafin rai a wurin aiki, ko taurin kai, ko cewa bai iya riƙe kuɗi ba, wannan in ka faɗa da ladabi ba zagi ba ne, shi ke sa jika shi ji mutum ne na gaske. Abin da zai taɓa mutuncin wani mai rai kuwa, kamar sunan wanda ya cinye mishi kuɗi, ka bar shi waje. Kafin ka raba ka karanta ma inna da kawunai da babban yaronshi su gyara.

In za ka sa a Facebook ka sa hoton da yake tsaye da ƙarfinshi ko hoton aikinshi. Hoton gadon likita ko na makara haba, a bari don Allah.

Sadakar da ta dace da shi

Ƴaƴan magini abin da ke fara zo musu a rai shi ne su gina kabarin da siman, tunda hannu ya iya. Hadisin Jabir cikin Muslim ya hana shafe kabari da gini a kanshi, alama ta isa. Siman ɗin ku kai shi inda zai yi aiki. Zancen sadakar bakwai da arba'in kuwa malamai sun saɓa, kowane gida da abin da yake bi, ba zan shiga ba, amma sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a ba wanda ya yi gardama a kansu.

Ku fara da gidanshi. Abin dariya abin kuka, gidan magini sau da yawa shi ne wanda bai ƙare ba, ɗaki ba yaɓe, katanga rabi, kullum sai na gama na mutane. Ku kira yaranshi ranar da ba su da aiki, ku sayi kaya ku yi abinci, a yaɓe ma inna ɗakinta a gyara indararo kafin damina. Daga nan masallacin unguwa da shi yake yaɓewa kyauta duk shekara, yanzu wa zai yi? Katangar maƙabarta, bakin rijiyar da ya zube, randar ruwa a bakin hanya. Mai ɗan hali shi ɗauki yaro ɗaya, maraya ko ɗan leburanshi, shi kai shi wurin ɗaya daga cikin waɗanda tsohon ya koya ma, ko cibiyar koyon sana'a ta CFM in akwai a komin ɗinku, shi saya mishi cokali da nibo.

Sauran ƴan'uwa da yaranshi da ke Abijan ko Libiya ba su samu zuwa ba, ku tura musu takardar da hotunan, ku ce kowa shi ƙara abin da ya sani. Da murya za su aiko, kar ku ce sai sun rubuta, ba za su yi ba. Kuma ka sauke muryar ka kwafe ta ran da ta zo, don lambar ɗan biɗa yau tana shiga gobe an canza.